Ciwon Kunne Ga Babba: Yadda Za Ki Rage Zafi Kafin Ki Isa Asibiti

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ciwon kunne na yara ne, shi ya sa idan ya kama babbar mace sai ta ɗaure kanta da ɗankwali ta ci gaba da daka da suyar ƙuli. Amma duk wadda ta taɓa kwana da shi ta san yana suka kamar ana soka allura, ya hana barci, ya hana tauna. Ya fi yawa da hunturu, lokacin mura da ƙura.

Ciwon iri biyu ne. Akwai na ramin kunne daga waje, wanda yawanci sosa kunne ko shigar ruwa ke jawowa. Ana gane shi da ƙaiƙayi, kuma idan aka ja fatar kunnen zafin yana ƙaruwa. Akwai kuma na can ciki, bayan dodon kunne. Shi wannan mura yake bi, domin akwai 'yar siririyar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne. Idan mura ta toshe ta, ruwa ya taru, ya zama mugunya, ya riƙa tura dodon kunnen. Wani lokaci ma kunnen lafiyarsa ƙalau, ruɓaɓɓen haƙori ne ko maƙogwaro ke aiko da zafin. Sai an haska ciki da fitilar asibiti ake tabbatarwa.

To, dare ya yi, babu abin hawa, me za ki yi? Ki sha farasitamol mai lamba 500, ƙwaya biyu, sannan ki jira awa 6 kafin ki ƙara. Kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, ko da zafin bai sauka ba, domin yawansa yana lalata hanta. A nan ne ake yawan kuskure: Panadol farasitamol ne, kuma magungunan mura irin su Procold da Mixagrip suna ɗauke da shi a ciki. Wadda ta haɗa su duka ta sha ninki ba ta sani ba. Ibuprofen ma yana rage zafi idan an sha bayan cin abinci, amma mai juna biyu da mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda su bar shi. Tiramol kuwa ba na wannan ciwo ba ne.

Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ki matse sosai, ki ɗora a kan kunnen. Wajen kwanciya ki ɗaga kai da matashi, kunnen mai ciwo ya kalli sama. Wajen wanka ki shafa wa auduga basilin ki toshe bakin kunnen. Wajen alwala shafa ta wadatar, kada ruwa ya shiga.

Babbar magana ita ce kada a ɗiga komai a ciki. Mun san maƙwabciya za ta zo da kyakkyawar niyya ta ce, "Yaya, ɗiga manja mai ɗumi," wata ta ce ruwan albasa ko tafarnuwa, wata ta ce ruwan nono, har da masu fasa kafso su zuba garin. Matsalar ita ce babu wadda ta san ko dodon kunnen ya huje. Idan ya huje, abin da aka ɗiga zai wuce ciki inda ƙananan ƙasusuwan ji suke. Hatta maganin ɗigawa na kemis, akwai wanda ke iya kashe ji idan dodon kunne a huje yake. Haka nan gashin kaza, tsinken ashana da tsinken kitso: daɗin susar na minti ɗaya ne, raunin da suke bari shi ke kawo ciwon. Dattin kunne da kansa yake fitowa.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane. Ana cikin tsananin zafi sai ya ɗauke farat ɗaya, mugunya ta fara zuba, mace ta ce ta warke. Sau da yawa dodon kunnen ne ya fashe. Yakan haɗe da kansa idan aka bar kunnen a bushe aka kuma sha maganin da ya dace, amma idan aka yi sake, kunne ya yi ta zuba wata da watanni har ji ya ragu. Ki riƙa goge abin da ya fito a bakin kunne da auduga mai tsabta, ki tafi asibiti.

Idan an kwana biyu zuwa uku zafin bai ragu ba, ki je asibiti mafi kusa a duba. Amma idan bayan kunne ya kumbura, ko baki ya karkace, ko wuya ya sandare, ko akwai jiri da amai da zazzaɓi mai zafi, ba a jira gobe. A nufi Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin Kabo a ranar. Mai ciwon suga ita ma kada ta jira, domin nata yakan ci har ƙashi. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin kunne, hanci da maƙogwaro. Idan an rubuta miki maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki shanye shi duka, kada ki ajiye rabi don wata rana.

Gaskiya, abin da ke hana yawancinmu tafiya ba rashin sani ba ne, kuɗin mota ne da na kati, musamman ga mai zuwa daga ƙauyukan Getso, Lakwaya ko Garo. Don irin wannan ranar muke zuba asusun taimako kowane mako. Ciwon kunne ba ƙaramin abu ba ne da za a ji kunyar kawowa gaban ƙungiya. A zaman gaba, shugaba ta tambayi mambobi: nawa za a bai wa mai ciwo na mota da magani, kyauta ne ko rance marar riba, kuma yaya za a yi idan ciwon ya zo tsakanin zama da zama alhali akwati a kulle yake? Wasu ƙungiyoyin suna barin ɗan kuɗi a hannun ma'aji don haka. Duk abin da aka amince, sakatariya ta rubuta shi a littafin dokoki.