Ƙagaggun Labaran Zamanin Annabawa: Abin da Za a Karanta da Yadda Za a Karanta Shi

A shekarar 1824, lokacin da Hugh Clapperton, matafiyin nan ɗan Birtaniya, ya sauka Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tambaye shi ko wace ƙungiya ta Kirista mutanen ƙasarsa suke bi, har ya ambata masa sunayen wasu tsofaffin ƙungiyoyi. Baƙon da bakinsa ya amsa cewa iliminsa bai kai nan ba. Wannan sarki, wanda ya rasu a 1837 aka binne shi a ribaɗinsa na Wurno, ya san tarihin addinin wasu, kuma sanin bai rage komai daga imaninsa ba.

Na tuna da wannan ne sa'ad da wani ɗalibina ɗan Goronyo ya same ni a ofis da littafi a hannu, ya ce, "Malam, wannan labari ne na zamanin Annabi Isa, alaihis salam. In karanta ko in ajiye?" Amsar da na ba shi ita ce ya karanta, amma ya san abin da yake karantawa. Tun da tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai, na ga ya dace in faɗaɗa amsar a wannan shafi.

Ƙagaggen labarin tarihi ba littafin ƙisasul anbiya ba ne, ba kuma tafsiri ba ne. Marubuci yakan ɗauki zamani na gaskiya, da biranensa da sarakunansa, sa'an nan ya ƙirƙiro mutum ya jefa shi ciki. Ribar mai karatu ita ce ya ji yadda rayuwa take ga talakan wancan lokaci: harajin da ake karɓa a hannunsa, sojan da ke tsaye a ƙofar garinsa, da abin da yake tsoro in dare ya yi.

Littafi na farko da nake ba da shawara, musamman ga ɗalibanmu masu Larabci, shi ne Kifahu Ɗiba na Najib Mahfuz, marubucin Masar da ya sami kyautar Nobel a 1988. An buga shi a 1944, kuma yana ba da labarin yadda Sarki Ahmus ya kori Hiksos, baƙin da suka mamaye arewacin Masar. Babu annabi ko ɗaya a cikinsa, amma ƙasar Fir'aunoni ce, wadda muke jin labarinta a ƙissar Annabi Yusuf da ta Annabi Musa, alaihimas salam. Mahfuz ya rubuta shi sojojin Birtaniya na jibge a ƙasarsa, don haka kowane Bamisire ya gane inda zancen ya dosa.

Na biyu shi ne labarin Sinuhe na Mika Waltari, ɗan ƙasar Finland, wanda ya fito a 1945, aka fassara shi zuwa Ingilishi da sunan The Egyptian. Sinuhe likita ne a zamanin Fir'auna Akhenaton, sarkin da ya tilasta wa jama'arsa barin sauran gumaka su bauta wa rana kaɗai. Ta idon wannan likita muke ganin rigimar fada da bokaye, da yunwa, da yaƙi. Littafin manya ne, akwai wuraren da ba su dace da yara ba.

Na uku shi ne wanda ɗalibin nawa ya riƙo, wato Ben-Hur na Lew Wallace, Ba'amurke, wanda aka buga a 1880. Wani saurayi ɗan manyan gida a Baitul Muƙaddas ne abokinsa na ƙuruciya, Barume, ya ci amanarsa, aka mai da shi bawa mai tuƙa jirgin ruwan yaƙi, ya dawo da ƙudurin ramuwa. Littafin ya nuna nauyin mulkin Rumawa ƙwarai. Sai dai Kirista ne ya rubuta shi bisa aƙidarsa, ya kuma rufe shi da batun gicciye, wanda Alƙur'ani ya kore. Musulmi ya shiga da sanin haka, kamar yadda malamanmu suka san Isra'iliyyat ba tare da sun mai da su hujja ba.

Akwai wanda ba na miƙa wa mai farawa. Thomas Mann na Jamus ya fitar da labarin Annabi Yusuf cikin juzu'i huɗu tsakanin 1933 da 1943. Gwaninta kam akwai ta, amma ya sanya wa annabi magana da tunanin da shi ya ƙaga. Ma'aunina a nan shi ne: idan labari ya bar annabi a nesa, ya bi ɗan kasuwa ko bawa ko likita, hankali na kwanciya da shi, idan kuwa ya sa kalma a bakin annabi, sai mai ilimin da zai iya tantance tsaki da tsakuwa.

Wannan dabara ta bin ƙaramin mutum cikin babban zamani ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka bi da shi hanyar Sahara, uwarsa na biye tana cigiya. Babu littafin tarihin da ya sa ni jin zafin cinikin bayi kamarsa.

Saboda haka nake kira ga matasan Wurno, Rabah da Goronyo da su yi wannan karatu da niyyar rubutu. Kayan aikin na ƙofar gidansu. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808: ina labarin manomin bakin Gulbin Rima da ya wayi gari sarautar da ya sani ta kau? Heinrich Barth ya zauna Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba: ina labarin yaron da ke kai wa baƙon ruwa? Ina labarin jajin da ke jagorantar 'yan taru daga ƙauye zuwa wurin Nana Asma'u? A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903: yaya ɗan tallan kasuwar garin ya ga wannan sauyi? Ladabin da muka nema wa annabawa, irinsa ya kamata a yi wa waɗannan magabata: a bar su bisa abin da tarihi ya tabbatar, a ƙagi na kewaye da su.

Ɗalibin nawa ya gama Ben-Hur cikin hutu. Da ya dawo na ɗora masa wani aiki: ya koma Goronyo, ya zauna da kakarsa, ya rubuto mini yadda garin yake kafin a gina madatsar ruwa. Ina jiran shafukan farko, in Allah ya yarda.