Microsoft A Kasuwar Alaba: Daga Sayen Faifai Zuwa Biyan Haya

Shirinmu na musamman na yau ya yada zango ne a Ojo, kan titin Legas zuwa Badagry, inda manyan kasuwanni biyu ke maƙwabtaka: Alaba Rago, matattarar 'yan Arewa, da kasuwar kayan lantarki ta Alaba International. A wannan ta biyun, duk shagon kwamfuta da ka leƙa za ka tarar da laftof ɗin tokumbo jere a kan kanta, kuma da mai shago ya kunna maka ɗaya, galibi tambarin Windows ne zai fara bayyana. Kamfanin da ya mallaki wannan tambari, wato Microsoft, shi za mu duba yau.

Bill Gates da abokinsa Paul Allen ne suka kafa shi a 1975 a Albuquerque ta Amurka, yanzu kuma hedikwatarsa na Redmond a jihar Washington. Mu a Arewa mun fi sanin Gates da yaƙi da cutar shan-inna, to dukiyar da ya zuba a wannan aiki daga nan ta samo asali. Shi kam ya daɗe da sauka, tun 2014 Satya Nadella, haifaffen Indiya, ke jan ragamar kamfanin.

Hajar da kowa ya sani ita ce Windows, wadda ta fara fitowa a 1985, sai kuma Word da Excel. Ɗalibin Jami'ar Jihar Legas, wadda ke nan Ojo, da Word yake rubuta kundinsa. Yaron da ke riƙe wa maigidansa lissafin buhunan wake da albasa da Excel yake tattara na shiga da na fita. Amma fa wannan somin-taɓi ne. Kamfanin shi ke da na'urar wasan Xbox. Ya sayi LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, a 2016 kan dala biliyan 26.2, ya sayi GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, a 2018 kan dala biliyan 7.5, sannan a 2023 ya kammala sayen kamfanin wasanni na Activision Blizzard kan kusan dala biliyan 69. A shekarar kuɗinsa ta 2024 kaɗai, cinikin da ya yi ya kai dala biliyan 245.

Ina mafi tsokar kuɗin take? Ba a shagon Alaba ba. Tana wajen Azure da makamantansa, wato manya-manyan rumbunan kwamfuta da bankuna da gwamnatoci da kamfanoni ke ajiye bayanansu a ciki, suna biya gwargwadon amfanin da suka yi. A nan ne kasuwancin ya sauya salo. A da, faifai kake saye sau ɗaya, ka loda, shi ke nan ya zama naka. Shi ya sa faifan jabu suka yi ta yawo a kasuwannin Legas da araha. Yanzu kuwa Microsoft ya koma tamkar mai gidan haya. Microsoft 365, ƙunshin da ke ɗauke da Word da Excel, duk wata ko duk shekara ake biyansa, ka daina biya a rufe maka ƙofar aiki. Ga ɗan kasuwar da ke samun kuɗinsa da naira alhali asalin farashin da dala ake yanka shi, wannan nauyi ne na gaske.

Adalci shi ne mu faɗi abin da muka amfana. Ana iya mayar da Windows ta yi magana da Hausa, kuma a 2023 manhajar fassara ta kamfanin ta ƙara Hausa da Yarbanci da Ibo. A 2019 ya sanar da zuba dala miliyan 100 don kafa cibiyoyin injiniyoyi a Nairobi da Legas. Sai dai a Mayun 2024 labari ya fito cewa an rufe ta Legas, ta Nairobi kuma ta ci gaba. Wannan ya yi mana ciwo, domin ƙasa mai yawan matasa irin Najeriya ta cancanci ta zama wurin ƙera manhaja, ba wurin saye kaɗai ba.

To ga abin da ya fi shafar aljihunka kai tsaye. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da aka saba. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da aiki, amma duk kafar da 'yan kutse suka gano bayan nan, babu mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda aka tsayar da 13 ga Oktoban 2026 a matsayin ƙarshensa ga ɗaiɗaikun mutane. Windows 11 kuwa ba kowace kwamfuta take karɓa ba. Tana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a injinan Intel sai ƙarni na 8 zuwa sama. Yawancin waɗanda aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharaɗin ba, kuma irinsu ne ake yawan jibgo mana cikin kwantena bayan ofisoshin Turai da Amurka sun sallame su.

Saboda haka Alhaji, Hajiya, in za ku sayo wa ɗa ko 'ya laftof a Alaba, kada kyan jiki da arha su ruɗe ku. Ku sa mai shago ya kunna ta a gabanku, ya nuna muku ƙarnin injinta, ya tabbatar tana ɗaukar Windows 11 ta halak, ba wadda aka cusa mata ta bayan fage ba. Wanda kuma yake da tsohuwa a gida, kada ya yar: masu gyara na iya sa mata Linux da LibreOffice, duka kyauta ne, kuma sun isa rubutu da lissafi. Ku tambaya kafin ku miƙa kuɗi. Mu kwana nan, sai Allah ya kai mu shiri na gaba.