Littattafai biyu, shekara ɗaya

Yara, littattafan da ke ba mu labarin mutanen da iri biyu ne. Akwai tarihin rayuwar mutum. Mai rubuta shi ba shi da ikon ƙara kome daga kansa. Sai ya bi tsofaffin takardu, ya zauna da dattawa da maroƙa, ya auna maganar wannan da ta wancan. Akwai kuma ƙagaggen labari. Shi ma daga tarihi yake ɗibar mutanensa, amma marubucin ne ke sa musu magana a baki.

Mu ɗauki shekarar 1899, lokacin da sojojin Faransa suka ratsa ƙasarmu za su tafkin Cadi.

Masana irin su André Salifou sun rubuta tarihin Amadu Kuran Daga, Sarkin Damagaram. A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Cazemajou, a birninsa. A watan Yuli na 1899 aka ci dakarunsa a Tirmini, nasara suka shiga Damagaram. A watan Satumba aka kashe shi. Ga wuri, ga wata, ga shekara. Amma tarihi ba ya gaya mana abin da uwa ta ce wa ɗanta a daren da aka ji ƙarar bindiga.

Wannan giɓi ne Abdoulaye Mamani ya cike. A 1980 ya fitar da littafinsa a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa, wadda ta ƙi miƙa wuya ga Voulet da Chanoine. A cikinsa muna jin muryarta, muna jin tsoron talakawa da gardamar sarakuna. Mai karatu har ya manta da tuwo! Med Hondo ya mai da labarin siliman a 1986.

To, a nan ne sai an yi hankali. Yaƙin Lugu gaskiya ne, an yi shi a watan Afirilu na 1899. Amma takardun nasara kaɗan suka faɗa game da ita, kuma matsafiya suka kira ta. Sun ce sun rasa soja 4, sun ci garin, ita da mutanenta sun shige daji. Dogayen jawaban da take yi cikin littafin, ba wanda ya rubuta su a ranar. Na Mamani ne.

Kada ku ce ƙarya ya yi, don bai ce tarihi yake rubutawa ba. Kada kuma ku ɗauka takardar nasara ba ta son kai: wanda ya ƙone gari shi ne ya rubuta ta. Sojojin nan ne suka hallaka Birnin Ƙwanni a watan Mayu.

In kun zo kan wata magana a ɗayan littattafan, ku tsaya ku tambaya: wa ya gani? Wa ya ji? Sannan ku buɗe ɗayan, ku duba ko tana ciki.