Beyar da Ƙwan Kada a Fadamar Okefenokee

A kudu maso gabashin Amurka, kan iyakar jihohin Jojiya da Fulorida, akwai wata makekiyar fadama mai suna Okefenokee, wadda faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,770. A cikinta ake samun wani ɗan'uwan kada da ake kira aligeta. Da wuya a sami dabbar da za ta tunkari babbansa, amma ƙwansa ba shi da wannan kwarjini.

Wajen watan Yuni macen takan tara ciyawa da ganye da laka ta yi tsibi a bakin ruwa, ta saka ƙwai 30 zuwa 50 a ciki, ta rufe. Ba ta kwanci kamar kaza. Ruɓewar ciyawar da zafin rana su ke ɗumama ƙwan har kimanin kwana 65. Wannan ɗumi ne ma ke yanke jinsin 'ya'yan: a digiri 30 na ma'aunin santigireti mata ke fitowa, a wajen digiri 33 kuwa galibi maza.

Waɗannan kwanaki su ne lokacin haɗari. A fadamar akwai baƙin beyar, wata dabba ce mai kauri da yawan gashi, wadda babban namijinta kan wuce kilo 100. Mafi yawan abincinsa 'ya'yan itatuwa ne da ƙwari, sai dai Allah ya hore masa hanci mai jin wari daga nesa, da farata masu ƙarfin tono. Idan ya gano tsibin, sai ya barbaza shi ya cinye ƙwan. Wani bincike da aka wallafa a 1991 ya nuna cewa a Okefenokee beyar ne kan gaba wajen wannan ɓarna. Asarar ba ƙarama ba ce, domin sau ɗaya tak uwar ke yin ƙwai a shekara.

To, ina uwar? Takan laɓe a ruwa kusa da tsibin, wata ta fito da baki buɗe tana huci, wata kuwa ta ƙyale. Amma ƙarfinta a ruwa yake. Idan fari ya sa ruwa ya janye, maɓarnata kan taka sandararriyar ƙasa har gindin tsibin. Idan kuma ruwan ya yi yawa ya shanye shi, 'ya'yan da ke cikin ƙwai sukan mutu saboda rashin iska.