Thomas Rivers, Mai Gandun Dashe Da Ya Riƙe Alƙalami

Duk mai lambu a Ngojin ko cikin garin Potiskum wanda ya taɓa yi wa mangwaro aure, ya san cewa ƙarfin itace yana ga saiwa, daɗinsa kuwa yana ga reshen da aka ɗaura masa. A kan wannan sani ne wani Bature mai suna Thomas Rivers ya gina rayuwarsa.

An haife shi a 1798 a Sawbridgeworth, wani ƙaramin gari a arewa da birnin Landan, inda kakanninsa suka kafa gandun renon dashe tun 1725. Da ragamar gandun ta dawo hannunsa a 1827, sai ya mai da hankali ga furen wardi. A 1837 ya wallafa littafinsa The Rose Amateur's Guide, watau jagora ga mai sha'awar wardi, wanda aka yi ta sake bugawa. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ke cin abinci da sana'a bai cika tona asirinta a takarda ba. Shi kuwa ya tona, cinikinsa kuma bai ragu ba.

Shi ne ya yaɗa wani irin wardi na ƙasar Italiya, Manetti, domin a riƙa ɗaura kyawawan iri a kan gindinsa mai ƙarfi. Amma fa dabarar tana da nata aibi, gama gindin yakan yi toho daga ƙasa, in mai lambu ya yi sake sai tohon ya shanye reshen da aka aura, a wayi gari kuɗi sun tafi, fure bai zo ba.

Daga baya ya karkata ga itatuwan marmari. Ya koya wa masu ɗan fili yadda ake datse saiwa don itace ya tsaya gajere, ya yi 'ya'ya da wuri. Har masanin nan Charles Darwin ya riƙa aiko masa da wasiƙu yana tambaya game da tsirrai. Daga gandunsa ne kuma lemun zaƙin da aka sani yanzu da suna Valencia ya ƙetara zuwa Amurka.

Ya rasu a 1877. Gandun ya ci gaba da aiki fiye da shekara ɗari bayansa, kafin a rufe shi a shekarun 1980.