Fashin baƙi: Abin da ke sa ruwan tankin murjani ya yi hazo, kifaye su kamu da cuta

Kiwon kifayen teku na ado a tankin gilashi ya ƙara samun karɓuwa a duniya tun bayan fitowar fim ɗin Finding Nemo a shekarar 2003. Sai dai mai kiwon da ya saba da tarwada ko karfasa zai tarar cewa wannan wata duniya ce daban. Ruwan gishiri ake haɗawa, kimanin giram 35 a kowace lita, a riƙe ɗuminsa tsakanin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. Murjanin da ake ƙawata tankin da shi kuwa, ko da yake ya yi kama da dutse ko tsiro, dabba ce mai rai.

Matsaloli biyu ne suka fi karya gwiwar sabon shiga a watannin farko: ruwa ya wayi gari ya yi hazo, ko kifi ya fito da fararen ɗigo-ɗigo a jiki. Sau da yawa zuba kifaye tun tankin bai nuna ba yakan ƙara tsananta su.

Nunar tanki aiki ne na ƙwayoyin bakteriya. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin amoniya, wadda guba ce, kuma dafinta ya fi ƙarfi a ruwan teku saboda kanwa-kanwarsa. Wasu bakteriya da ke zama a jikin duwatsu da yashi su ne ke mayar da amoniyar naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret, wanda illarsa ba ta kai ta sauran ba. Kafuwarsu takan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ba a gane tanki ya nuna da ido, sai da kayan gwaji: amoniya da naitirait su koma sifiri, su tsaya a nan.

Launin hazon shi ne ke fallasa dalilinsa. Idan ya bayyana a ranar da aka zuba yashi, ƙura ce kawai, za ta kwanta cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman idan an sa audugar tacewa. Idan ruwan ya yi kore, ƙananan gansakuka ne suka samu haske da abinci fiye da kima. Idan kuma ya yi fari nan take bayan an ƙara sinadarin kalsiyam tare da na daidaita kanwa-kanwar ruwa, to alli ne ya tashi. Hakan kan faru ma ga wanda ya zuba ruwa a kan gishiri maimakon ya riƙa barbaɗa gishirin cikin ruwa.

Wanda ya fi haɗari shi ne hazo fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Wannan alama ce ta wasu bakteriya masu yawo a ruwa da suka hayayyafa fiye da ƙima, galibi saboda yawan abinci ko wata dabba da ta mutu a bayan dutse ba a gani ba. Su kansu ba sa cutar da kifi, amma suna shanye iskar oksijin, kuma ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba. Da dare, lokacin da fitila ta mutu, lamarin ya fi muni. Kifin da aka gani yana haki a saman ruwa da asuba yana neman ɗauki ne. Abin yi shi ne a juya famfo ya riƙa kaɗa saman ruwan, a bar na'urar kwashe kumfa tana aiki, a rage abinci, a nemo abin da ya ruɓe a cire. Fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta takan share hazon cikin 'yan kwanaki. Wanke duwatsu da matata da ruwan famfo kuwa, wanda shi ne abin da hankali ke fara rayawa, kashe bakteriya masu amfani ne. Sauri ya haifi nawa ke nan.

A ƙasa irin Najeriya, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan batu na iska ya fi komai muhimmanci. Ɗaukewar wuta ta sa'o'i kaɗan a lokacin hazo na iya kashe duk abin da ke tankin, don haka ƙaramin famfon iska mai batir ya fi wani sabon kifi cancantar kuɗin mai kiwo.

Cutar fararen ɗigo kuwa wata ƙwaya ce mai suna Cryptocaryon irritans, kuma yadda take rayuwa shi ne ke yaudarar mutane. Takan yi kwana 3 zuwa 7 tana ci a fatar kifi da kafofin numfashinsa, sannan ta faɗo ƙasa ta rufe kanta cikin ɓawo. Ɗigon ya ɓace, mai kiwo ya ɗauka kifinsa ya warke. A cikin ɓawon nan ƙwaya ɗaya takan rabu ta zama ɗaruruwa, su fito su bazu neman kifi. A wannan ɗan lokaci na yawo ne kaɗai magani ke iya kama su. Shuɗin kifin nan da aka sani da Dory a fim yana cikin waɗanda suka fi saurin kamuwa.

Akwai wadda ta fi ta saurin kisa, Amyloodinium ocellatum, da ake yi wa laƙabi da cutar karammiski. Ɗigonta ƙanana ne kamar an barbaɗa hoda, takan fara da kafofin numfashi, kifi ya riƙa haki yana fuskantar inda ruwa ke hurowa. Tana iya gamawa da kifayen tanki cikin kwana biyu ko uku.

Maganin da aka fi dogara da shi ga cututtukan biyu shi ne mai sinadarin jan ƙarfe, kuma a nan ne tarkon yake. Jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande da ƙaguwa da katantanwa, ko da kaɗan ne, sannan duwatsu da yashi suna tsotse shi su riƙa sakinsa daga baya. Saboda haka ba a zuba shi a babban tanki. Ana kwashe kifayen gaba ɗaya, har da waɗanda ba su nuna alama ba, zuwa wani tanki na killacewa marar yashi da dutse, a yi musu magani na kimanin kwana 30, ana auna yawan sinadarin kullum, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa ba ta da yawa. Tafarnuwa da ake haɗawa a abinci da magungunan da ake tallatawa da cewa ba sa taɓa murjani na iya sa kifi ya ci abinci, amma ba sa tumɓuke cutar.

Shi kuwa babban tankin ana barinsa babu kifi ko ɗaya, murjani da sauran halittu su ci gaba da zamansu, har ƙwayoyin su fito daga ɓawo su rasa mai masauki su mutu. An taɓa samun ɓawon da ya kai kwana 72 kafin ya fashe, shi ya sa masu kiwo da yawa ke jira kwana 76. Kifi ɗaya da aka sayo aka jefa ciki ba tare da killacewa ba, ko ragar kamu da aka tsoma a tankunan biyu ba a busar ba, ya isa ya mayar da ƙidayar rana ta ɗaya.