Fitilar LED a Hanyar Falgore: Haske a Gaba, Duhu a Baya

Duk wanda ya taɓa barin titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora bayan sallar isha'i, ya nufi Tudun Wada da Doguwa, ya san abin da zan faɗa. Kana cikin tafiya sai wani farin haske ya taso maka daga gaba, ya cika gilashi, ka daina ganin gefen kwalta balle mai babur ko garken shanun da ke tsallakawa. Kafin idonka ya dawo ka ci tafiyar mita da yawa a makance. Sau da dama ba tirela ba ce, a-kori-kura ce da ta kwaso masara ko shinkafa daga ƙauyukan Kiru da Bebeji, mai ita ya cire ƙwan fitila na asali ya sa na LED.

Ba na cikin masu zagin wannan fasaha. Masanan nan uku haifaffun Japan da suka samar da shuɗin LED, wanda daga gare shi aka sami farin, wato Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun karɓi kyautar Nobel a 2014, kuma sun cancanta. Ƙwan halojin na gaban mota yakan ja wat 55 zuwa 60, mafi yawansa zafi yake zama. LED na ba da haske da wutar da ba ta kai haka ba, ba shi kuma da siririyar wayar da ramukan hanya ke tsinkawa. Direban da zai ratsa dajin Falgore cikin dare, inda babu mai son tsayawa canza ƙwai, yana da hujjarsa.

Sai dai maganar da 'yan tireda ke yi cewa LED na rage shan mai, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 take ƙara shiga kunnen direbobi, kuma ƙari ya yi mata yawa. Fitilun gaba biyu gaba ɗaya wat ɗari da 'yan kai suke ja, alhali injin motar yana aiki da dubbai. Batir da na'urar cajinsa za su ɗan huta, amma ba a gidan mai za a ga bambancin ba.

Ga inda matsalar take. Kwanon fitila mai sheƙi an ƙera shi ne daidai da wurin da wayar halojin take zama, domin ya tattara hasken ya kwantar da shi kan hanya, ya yanke shi kafin ya kai idon mai tahowa. Idan aka cusa ƙwan LED mai arha wanda maɓuɓɓugar haskensa ta kauce wa wannan wuri, ko da kaɗan ne, hasken watsuwa yake yi sama da gefe. Direba yana ganin gabansa ya yi fari fat, yana zaton ya sami ƙari, alhali nesa ba ta ƙaru ba. A zo ga lodi: buhuna sun danne bayan mota, hancinta ya ɗaga, gajeren haske ya koma dogo. A ƙara da doguwar fitilar da ake kafawa a saman kan mota, wadda ba ta san gajere ba sam. Lokacin hunturu kuwa, hazo yakan dawo wa direban da haskensa cikin ido. Saboda irin wannan ne tun Janairun 2021 a Birtaniya motar da aka sa wa ƙwan LED a kwanon halojin take faɗuwa gwajin lafiya na shekara, in ban da tsofaffin motoci.

Abin mamaki, motar da ke makantar da kai daga gaba, in ka biyo ta a baya sau da yawa danja ɗaya ce ke ci, ko babu. Nan ne kuwa LED ya fi amfani. Ƙwan birki mai wat 21 sai wayarsa ta yi zafi yake haskawa. LED yana riga shi da kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Ga mai gudun kilomita 100 a awa, wannan ya haura mita 5, kusan tsawon Hilux guda. Wanda zai kashe kuɗinsa a Ƙofar Ruwa, ya fara da danja da fitilun gefe da sigina. Idan siginar ta koma ƙyaftawa da sauri, ba lalacewa ta yi ba, wutar da ake ja ce ta ragu, mai wayarin zai canza 'yar na'urar da ke sarrafa ta.

Fitilar gaba kuwa, in za a canza, a canza ta da kwanonta da aka ƙera don LED, sannan a saita. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da masu duba lafiyar mota suna tsayar da a-kori-kura kullum a wannan hanya, suna duba takardu. Ban ga abin da zai hana su haɗa kai da shugabannin tasha a Tudun Wada a ware bango ɗaya ba. Mota ta tsaya da lodinta mita 10 daga bangon a shimfiɗaɗɗen wuri, a kunna gajeren haske, a ga bakinsa na sama ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar. In bai sauka ba, sukurori biyu ne a bayan kwanon.